Ba Mu Gan Shi Ba, Amma Mun Ba Da Gaskiya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a ajin masu shirin baftisma, da taron matasa, da gidan makoki idan 'yan gaisuwa sun ragu. Wasu a fili ake yinsu, wasu kuwa sai an ja mutum gefe. Inda na rubuta Yahaya, wasu juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa Yohanna suke cewa; littafin ɗaya ne.

1. Daga ina maganar ba da gaskiya ba tare da gani ba ta fito?

Daga Yahaya 20:24-29. Da yammacin ranar da Yesu ya tashi daga matattu, ya bayyana ga almajiransa suna cikin ɗaki, ƙofofi a kulle don tsoro. Toma ba ya nan. Da suka ba shi labari sai ya kafe, ya ce shi kam ba zai yarda ba sai ya ga gurbin ƙusoshi a hannuwan Yesu, ya sa yatsa a ciki, ya kuma sa hannu a kuiɓinsa. Bayan kwana takwas Yesu ya sake zuwa, ya miƙa masa hannuwan. Toma ya kira shi Ubangijinsa da Allahnsa. A nan ne Yesu ya ce masa shi ya ba da gaskiya don ya gani, amma masu albarka ne waɗanda ba su gani ba suka kuwa ba da gaskiya.

Ba nan kaɗai maganar ta tsaya ba. Bulus ya ce da bangaskiya muke tafiya, ba da ganin ido ba (2 Korantiyawa 5:7). Bitrus kuma, da yake rubuta wa masu bi da ke warwatse a yankunan da yau suke cikin ƙasar Turkiyya, ya ce musu suna ƙaunar Almasihu alhali ba su taɓa ganinsa ba (1 Bitrus 1:8). Tun zamanin manzanni ke nan, galibin masu bi irinmu ne.

2. To, ai Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ƙarya suka yi?

Ba ƙarya suka yi ba. A kasuwa maganarsu dutse ce, shi ya sa ba a cinikin biri a sama. Amma ka zauna ka ƙirga abubuwan da ka sani. Ranar da aka haife ka, ji ka yi. Sunan kakan kakanka, ji ka yi. Ƙwayar da likita ya rubuta maka, ba ka ga inda aka haɗa ta ba, ka haɗiye. Abin da mai hankali yake tambaya shi ne: daga bakin wa na ji, kuma yaya amanarsa take? Shi ya sa Romawa 10:17 ta ce bangaskiya daga ji take samuwa, ji kuwa daga maganar Almasihu.

Akwai kuma abin da karin maganar bai faɗa ba: gani ba kullum yake kore taurin zuciya ba. Isra'ilawa sun ga teku ya rabu biyu, suna cin manna kowace safiya, duk da haka suka zuba ɗan maraƙin zinariya suka yi masa sujada (Fitowa 32). Da Yesu ya ta da Li'azaru bayan kwana huɗu a kabari, manyan firistoci ba su musa abin ba, sai dai suka ƙulla su kashe Li'azarun ma (Yahaya 12:10). Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Matiyu 28:17: almajirai suna tsaye gaban Yesu bayan tashinsa, suna kallonsa, amma an rubuta wasu sun yi shakka. Za mu sake taɓo wannan a tambaya ta 7.

3. Laifi Toma ya yi ke nan?

A ganina mun cika ɗora wa Toma kaya. Mun maƙala masa sunan mai shakka kamar ba shi da wani tarihi. Shi ne fa wanda, da Yesu ya ce za su koma Yahudiya inda aka nemi jifansa, ya ce wa 'yan'uwansa su tashi su je su mutu tare da shi (Yahaya 11:16). Shi ne kuma ya fito fili ya ce ba su san inda Yesu za shi ba, balle hanya, har Yesu ya amsa masa cewa shi ne hanya da gaskiya da rai (Yahaya 14:5-6). Mutum ne da ba ya gyaɗa kai kan abin da bai gane ba. Sauran almajiran ma ai ba su yarda da labarin matan da suka dawo daga kabari ba, sun ɗauke shi tatsuniya (Luka 24:11), sai da suka gani.

Kuskurensa shi ne ya ƙi shaidar abokai goma da ya yi shekara uku yana ci yana sha da su, ya kuma gindaya wa Ubangiji sharaɗi. Amma ka lura da abu biyu. Bai bar taron ba. Bayan kwana takwas yana nan tare da su. Yesu kuma bai kore shi ba. Kiristocin Kerala da ke kudancin Indiya har yau suna riƙe da tarihin da suka gada cewa Toma ne ya kai musu bishara, har ana kiransu da sunansa.

4. Wannan ba makauniyar bangaskiya ba ce, a rufe ido a bi kawai?

A'a. Mu jiyau ne, gaskiya, amma daga bakin ganau muka ji. Yahaya ya buɗe wasiƙarsa ta fari da cewa abin da suke sanarwa sun ji shi, sun gan shi da idonsu, sun taɓa shi da hannunsu. Luka ya ce sai da ya bi diddigin komai tun daga farko kafin ya rubuta wa Tiyofilos. Bulus ya jera waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa: Kefas, wato Bitrus, almajirai sha biyun, mutum fiye da 500 a lokaci guda, Yakubu, sa'an nan shi kansa (1 Korantiyawa 15:3-8). Ya ƙara da cewa yawancin mutum 500 ɗin suna da rai. Wasiƙar kuwa an rubuta ta ne shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciyewar, wato mai son bincike yana iya tashi ya je ya tambaye su.

Shaidun nan ba su samu gona ko sarauta da shaidarsu ba. Bulala da kurkuku suka samu. Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi Hirudus ya kashe shi (Ayyukan Manzanni 12:2). Kuma Littafi Mai Tsarki bai taɓa zagin mai bincike ba, yabon mutanen Biriya ya yi don suna duba Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus yake faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11).

Sai dai in faɗi gaskiya: shaida irin wannan ba ta ɗaure mutum da igiya ta ja shi. Tana kai shi bakin ƙofa ne. Akwai masu ilimi da suka karanta duk wannan ba su shiga ba. Shigar amincewa ce da wani, ba lissafi ba.

5. Mene ne bambancin bangaskiya da bege? Bege ba fata ba ne?

Fata ita ce ka ce Allah ya sa, ba ka da tabbas ko zai yiwu. Begen da Nassi yake nufi, wanda wasu wurare aka fassara da sa zuciya, jira ne na abin da mai cika alkawari ya riga ya yi alkawarinsa. Bangaskiya tana riƙe da mai alkawarin yanzu; bege yana duban ranar cikawa. Ibraniyawa 11:1 ta haɗa su a jumla ɗaya, Bulus kuma ya ce abin da ake gani ya daina zama bege, don ba wanda yake sa zuciya ga abin da yake hannunsa (Romawa 8:24-25).

Manomin da yake yin binne ya san wannan. Ya ɗebi irin geron da zai iya dakawa a sha kunu, ya zuba a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta haɗa hadari ba. Ba hauka yake yi ba, ya san damina tana zuwa ko da bai san ranar ba. Yakubu 5:7 da manomi ta yi misali. Amma misalin yana da iyaka, don binne yakan lalace idan ruwa ya yi yayyafi ya ɗauke. Ibraniyawa 6:19 ta kwatanta begenmu da ƙarfen nan da ake jefawa ƙarƙashin ruwa ya riƙe jirgi. Mu da ba mu saba da teku ba, sai mu ce turke: ba a ganin rabinsa da ke cikin ƙasa, amma shi yake riƙe da doki.

6. Ina yawan shakka. Zunubi nake yi? Na rasa cetona?

Ka duba wa ya taɓa shakka kafin ka yanke wa kanka hukunci. Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Yesu ya ce ga Ɗan Rago na Allah, shi ne daga kurkuku ya aika a tambaye shi ko shi ne mai zuwan ko kuwa a jira wani. Yesu bai yi fushi ba. Ya ce a je a gaya masa abin da ake ji da abin da ake gani, sa'an nan ya juya ya yabe shi gaban jama'a (Matiyu 11:2-11). Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa (Markus 9:24), aka kuwa warkar da ɗansa a kan wannan 'yar guntuwar addu'a.

Akwai shakkar mai nema, akwai ta mai gudu. Mai nema yana tambaya don ya samu amsa. Mai gudu ya riga ya yanke abin da yake so ya yi, tambayar mafaka ce kawai. Mai zuciya biyu da Yakubu 1:6-8 ta tsawata wa ya fi kama da na biyun. In shakkarka tana hana ka barci, alama ce abin yana da daraja a wurinka. Ka faɗa wa wani dattijo ko fasto da ka amince da shi. Ku kuma shugabanni, Yahuza aya ta 22 ta ce a ji tausayin masu shakka. Yaron da aka daka wa tsawa don ya yi tambaya a ajin Lahadi ba ya daina tambayar, wurin yinta kawai yake sakewa.

7. Me ya sa Allah ba zai nuna kansa a fili kowa ya huta ba?

Amsar Kirista ta farko ita ce ya riga ya nuna. Ba wanda ya taɓa ganin Allah, amma Ɗan ya bayyana shi (Yahaya 1:18), shi ya sa da Filibus ya ce a nuna musu Uban, Yesu ya ce wanda ya gan shi ya ga Uban. Da Allah ya zo a fili har ana taɓa gezar rigarsa, gicciye shi aka yi. A misalin da Yesu ya bayar na mai arziki da wani matalauci, shi ma mai suna Li'azaru, an gaya wa mai arzikin cewa in 'yan'uwansa ba su saurari Musa da annabawa ba, ko wani ya tashi daga matattu ba za su yarda ba (Luka 16:31). Misalan tambaya ta 2 sun nuna haka.

Sanin Allah yana nan ba shi ne abin da ake nema ba. Aljanu ma sun sani har suna rawar jiki (Yakubu 2:19). Ana neman amincewa da ƙauna ne, su kuwa ba a samunsu da razanarwa. Wannan bai warware komai ba. Ishaya kansa ya kira shi Allah mai ɓoye kansa (Ishaya 45:15).

8. Mafarki da wahayi da mu'ujiza fa? Laifi ne in nemi alama?

Allah yana warkarwa, ya kuma yi magana da mutane ta mafarki, daga Yusufu ɗan Yakubu har Yusufu mijin Maryamu. Roƙon warkarwa ba laifi ba ne. Matsalar tana farawa ne idan alama ta zama abincin bangaskiya, in mako ya wuce ba a ga wani abin mamaki ba sai mutum ya tattara ya koma wata majami'ar.

Ƙishin gani shi ne jarin masu kasuwanci da sunan Allah. Mai a kwalba, ruwa a leda, hankici, a ce ka shuka iri na kuɗi kaza ka ga buɗi cikin kwana bakwai. Wannan dai laya ce da aka sauya wa riga. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Yesu ya ce kyauta aka samu, a bayar kyauta (Matiyu 10:8), ya kuma yi gargaɗi cewa annabawan ƙarya ma za su nuna manyan alamu (Matiyu 24:24). Duk mafarkin da ya raba ka da Nassi, ko ya nuna maka surukarka ce mayyar da ta tare maka arziki, ka ajiye shi, ka nemi dattawan ikilisiya kafin ka buɗe baki.

9. Na yi shekaru ina addu'a a kan abu ɗaya, shiru. Bangaskiyata ce ta gaza?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo, kuma an cuci mutane da yawa da amsar gaggawa. An ce wa mace marar haihuwa bangaskiyarta ce ƙarama, an ce wa mai jinya akwai zunubin da ya ɓoye. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce alheri ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Yesu a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya kuwa sha shi. Wa zai ce waɗannan bangaskiya suka rasa? Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, yana da 100 aka haifi Ishaku, a tsakani kuwa shi da Saratu duk sun yi dariyar abin.

Mutane suna son farkon Ibraniyawa 11, amma a karanta har ƙarshe. Bayan waɗanda suka rufe bakin zakoki akwai waɗanda aka jefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, dukansu kuma an yabe su saboda bangaskiya ɗaya. Tarihinmu ma yana da irinsu. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasashen ciki. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, ba su ga ikilisiya ko ɗaya ba. Sai 1902 aka kafa tashar mishan ta farko a Patigi, daga wannan aikin kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A zamaninmu, 'yan'uwa na ikilisiyar EYN sun ga an ƙona majami'unsu, an kwashe 'ya'yansu mata a Chibok a Afrilun 2014, wasu iyayen har suka mutu suna jira. Ba wanda yake da bakin gaya musu cewa addu'arsu ce ba ta kai ba.

Shadrak da Meshak da Abednego sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi sujada ga gunkin ba (Daniyel 3:17-18). Ka ci gaba da roƙo. In ciwo ne ka ci gaba da shan magani, zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

10. Ba na jin komai in na yi addu'a ko waƙa. Allah ya rabu da ni ne?

Jin daɗin zuciya wani irin gani ne, shi ma yakan ɗauke. Yunwa da gajiya da bashi da baƙin ciki duk suna taɓa shi. Zabura 42 ta mai ƙishin Allah ce da ake yi wa ba'a ana cewa ina Allahn nasa, Zabura 88 kuwa da duhu ta ƙare, amma duk an bar su cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. In nauyin zuciyar ya daɗe har ya hana ka ci da barci, ka ga likita kuma, ka dubi ƙarshen amsa ta 9.

11. Maƙwabcina Musulmi ya ce su ma suna imani da gaibu. Abu ɗaya ne?

Gaskiya ya faɗa; farkon Suratul Baƙara ya siffanta masu taƙawa da cewa suna imani da gaibu. A kan cewa akwai Allah da mala'iku da ranar shari'a, waɗanda ido bai gani ba, ba ku da gardama. Inda hanya ta rabu shi ne a kan Yesu: mu mun gaskata an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku, kuma shi Ubangiji ne, shi kuwa maƙwabcinka bai yarda da haka ba. Kada ka ɓoye bambancin don a zauna lafiya, kada kuma ka mai da shi abin faɗa a majalisa. Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu ga mai tambaya, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). Abin da ke tambaya ta 4 zai taimake ka.

12. Yaya bangaskiya take ƙaruwa?

Ta hanyar da ta shigo, wato ji. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau kuma wanda bai iya karatu ba yana iya sauraronsa a waya. Sai zama cikin jama'a. Toma ya rasa ganin farko ne don ba ya wurin. Allah kuma ya san mu masu jiki ne, bai bar mu hannu wofi ba: akwai ruwan baftisma, akwai gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji. Almajiran nan biyu na hanyar Imuwasu sun gane Yesu ne, bayan tashinsa, a gutsura gurasa, nan take kuma ya ɓace musu (Luka 24:30-31). Na ƙarshe shi ne aikatawa. Wanda ya yafe wa ɗan'uwansa don Yesu ya ce a yafe, ko ya mai da rarar canjin da aka yi kuskuren ba shi, yakan san wani abu game da Allah da mai karatu kawai bai sani ba.

13. Za mu gan shi kuwa wata rana? Waɗanda suka riga mu fa?

Za mu gan shi. Bulus ya ce yanzu kamar a madubi muke gani, dishi-dishi, amma sa'an nan fuska da fuska (1 Korantiyawa 13:12). Madubin zamaninsa ƙarfe ne da aka goge, ba gilashi irin namu ba. Yahaya ya ce za mu gan shi yadda yake (1 Yahaya 3:2), Wahayi 22:4 kuma ta ce bayinsa za su ga fuskarsa. Ayuba, yana zaune cikin toka, ya ce ya san Mai Fansarsa yana da rai, kuma da idonsa zai ga Allah.

Game da waɗanda suka yi barci cikin Almasihu, 1 Tasalonikawa 4:13 ba ta hana baƙin ciki ba, ta ce dai kada ya zama irin na marasa bege. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye a bakin kabarinsa. Don haka in ka je gaisuwa ka tarar da gwauruwa tana kuka, ba sai ka ce mata ina bangaskiyarta ba. Ka zauna, ka ce mata sannu, Ubangiji ya ta'azantar, in ta yarda ka karanta mata Yahaya 11. Bayan mako biyu, lokacin da tabarmi suka naɗe kowa ya koma gidansa, ka sake komawa.